Sunan da Bakina Bai Taɓa Kira Ba

Assalamu alaikum.

Yayansu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da sabon aikin da sabon garin. Allah ya tsare ka a fitarka da shigarka, ya haɗa ka da maƙwabta nagari, ya raba ka da sharrin mutum da na ƙarfe. Babanku yana gaishe ka. Amira ma tana gaishe ka, ta kuma ce in gaya maka ta riga ta koma ɗakinka da zama, kada ka ce ba a faɗa maka ba.

Na sa takardar nan a kan robar dambun naman da na aiko maka ne da gangan. Na san halinka. In na turo ta a waya za ka ce za ka karanta anjima, amma abinci ba ya kwana a gabanka ba ka buɗe ba. Labarin gida kuwa ba zan ba ka ba, domin ba abin da ya sake tun da ka tafi Denver, in ban da tukunyar shinkafa da yanzu take kai mu washegari.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar da kake ɗaure kaya, ka leƙo kicin ka ce, "Mama, in zo da Babbar Sallah? Zan iya neman off a wurin aiki." Ina juya miya, ban ko waiwaya ba, na ce, "Ba sai ka wahalar da kanka ba, kai da kake sabon ma'aikaci." Ka ce, "Okay," ka juya ka fita. Ni kuwa na tsaya da ludayi a hannu ina jiran ka sake tambaya, in sake ƙi, ka sake nacewa, sannan in ce to, in ka ga da hali. Ba ka sake tambaya ba.

Bayan ka tafi, muna tsinke alayyahu da Amira, sai ta ce, "Mama, kin san Yaya yana ganin ba ki damu ya zo ko kar ya zo ba?" Na ce wace irin magana ce wannan. Ta ce, "Shi ya faɗa mini a mota. Ya ce, she literally never says my name." Wato wai ban taɓa kiran sunanka ba.

Maganar ta tsaya mini a rai, amma ka san ni da son bin diddigi. Kafin in fara baƙin ciki sai da na tsaya a kan kalmar nan ta literally da ku biyu kuka ishe ni da ita tun kuna sakandare. In an jinkirta abinci, kai ne literally yunwa ta kashe ka, ga ka kuwa tsaye da ƙafafunka kana buɗe firij. In an yi zafi, Amira ce literally ta narke. Na daɗe ina zaton wata 'yar rantsuwa ce ta yaran nan. Sai na ce wa Amira ta zauna ta warware mini ita.

Ta ce asalinta ana nufin magana yadda take, babu ƙari babu ragi. Babanku da ke falo yana jin mu, shi da ba a raba shi da gyara, ya ɗago murya ya ce tushenta daga harafi ne, wato bin abu harafi da harafi, kamar yadda malamai ke raba zahirin magana da abin da ke ƙarƙashinta. Ya ce ana faɗarta ga fassarar da aka yi kalma da kalma, ana kuma faɗarta ga mutumin da in ka ce masa ya sa ido a kan tukunya sai ya tsaya yana kallonta har ta ƙone. Amira ta ce duk wannan na tsofaffi ne, su yanzu suna faɗarta ne don magana ta yi nauyi kawai.

Abin ya ba ni mamaki, ya kuma ba ni dariya. Kalmar da aka tanada don a ce ban ƙara gishiri ba, ita ce ta koma gishirin. Har na fara cewa Turawa ba su da ta ido, sai na tuna da mu. Sau nawa mutum zai ce "tsakani da Allah" sannan ya shirga maka abin da shi kansa bai yarda da shi ba? Sau nawa Anti Rabi ta ce dariya ta kashe ta, ga ta nan har yau tana cin tuwo? Ashe kowane harshe yana da kalmar da aka gaji da ita saboda yawan aike.

Sai na tambayi Amira, "To shi Yayanku, wace iri ya yi nufi? Ta tsofaffin ko taku?" Ta ce, "Mama, wannan karon ina ga ta tsofaffin ce." Gaskiyarta. Ban taɓa kiran sunanka ba. Zan zo kan dalili, amma bari in fara ba ka labarin yadda na yi ta tuntuɓe da maganar mutane a garin nan, ko ka rage wa kanka wasu.

Shekarar da na iso Greensboro, kana goye, muna zaune a wani ɗan gidan haya a kan Gate City Boulevard, lokacin ana ce masa High Point Road. Babanku yana karatu, ya fita da safe sai dare, ni kuwa ba kowa sai kai da bango. Akwai wata dattijuwa Baturiya a ƙofar da ke kallon tamu, Mis Doroti. Muka haɗu wajen injin wanki, ta yi maka wasa, ta ce mini in shigo wurinta duk lokacin da na ga dama. Na ji daɗi har cikin raina. Na ce ashe a nan ma akwai mutane.

Ranar Asabar da safe na soya ƙosai, na goya ka, na je na ƙwanƙwasa. Ta buɗe ƙofa kaɗan, sarƙa na maƙale, tana cikin rigar barci, gashi duk a naɗe. Ta ce, "Lafiya? Wani abu ya samu yaron?" Na ce lafiya lau, zuwa na yi. Ta buɗe, na shiga, na nemi kujera na zauna, na kwance ka na shimfiɗe a kan kafet ɗinta. Ita tana tsaye tana kallon agogo, ni ina ta yi mata ban gajiya da ɗan Turancina. Ban tashi ba sai da rana ta take, kamar yadda zan yi a gidan kowace maƙwabciya a Malumfashi. Da na ba Babanku labari cikin murna, ya dafe kai. Ya ce ai irin wannan gayyata gaisuwa ce kawai a wurinsu. Kunya ta rufe ni, na yi kwanaki ina leƙawa kafin in fita zubar da shara.

Amma ka ji ƙarshen abin. Bayan wani lokaci ita da kanta ta ƙwanƙwasa, ta faɗi rana, ta faɗi lokaci, ta ce in zo shan shayi, in kuma taho da irin wancan abin da na soya. Daga nan muka ƙulle. A hannunta ka fara takawa. To abin da na koya, kai ma ka riƙe: a ƙasar nan gayyatar da ba ta zo da rana da lokaci ba, ka amsa da fara'a ka bar ta a nan. In an sa rana kuwa, da gaske ake, ka je a kan lokaci, kada ka yi musu irin zuwan bikin mutanenmu. Kuma kada ka ce munafunci ne. Mu ma in muka ga mai wucewa muna cin abinci muna ce masa bismillah, ba don mun tanadar masa cokali ba.

Na biyun ya fi ciwo, domin da cikina aka yi shi. Ina da cikin Amira, irin cikin nan mai sa mutum ya ci ya ƙara. Malamin da ke duba karatun Babanku ya gayyace mu cin abinci a gidansa a Irving Park. Ban taɓa shiga gida irin wannan ba, daga bakin titi zuwa ƙofa ma tafiya ce. Saboda mu matarsa ta gasa kifi, babba, da lemun tsami a jere a kansa. Tun daga ƙofa ƙamshin ya tare ni. Ta ɗauko farantin ta fara da ni. Ni kuwa 'yar gidan mutunci, na sunkuyar da kai na ce na gode, a ƙoshe nake. Haka Inna ta koya mini: baƙuwa ba ta miƙa hannu a tayin farko, sai an yi ta fama da ita.

Matar ta ce, "Ayya, ba komai, masu ciki haka suke," ta wuce da kifin. Ta kawo mini ruwa da ƙanƙara. Ina zaune ina kallon farantin nan yana zagaya tebur, yana raguwa. Babanku, Allah ya shirye shi, ya ci nasa ya ƙara, ina harararsa yana yi kamar bai gani ba. Da muka shiga mota na fashe da kuka, shi kuma ya fashe da dariya har da ƙwalla. Sai da ya tsaya a hanya ya saya mini soyayyen dankali, na ci ina ajiyar zuciya.

Na daɗe ina jin haushin matar nan, ina cewa ba ta iya karɓar baƙi ba. Daga baya na gane girmama ni ta yi. A wurinta, in babba ya ce a'a, sake matsa masa raini ne, kamar ana cewa bai san cikinsa ba. A wurinmu kuwa rashin matsawar ne raini. Kowa a cikinmu ladabi ya yi, ni ce dai na kwana da yunwa. Don haka in kana jin yunwa a gidan mutane ka ce kana ji. In a wurin aiki aka tambaye ka ko kaya sun yi maka yawa, kada ka ce ba komai kana jiran a lura, ba mai lura. Amma in ɗan gida ya zo wurinka, ko Bahaushe ko mutumin Nijar ko na Gana, ya ce ya ƙoshi, kada ka ɗauke kwano. Ka sake tayi, ka kuma sakewa, ka zuba masa ko yana cewa a'a.

Na ukun ba abin dariya ba ne. Ka tuna lokacin da nake zuwa yi wa matanmu tafinta a asibiti in an rasa mai yi? Wata rana aka kira ni saboda wata Hajiya 'yar Maraɗi da ta zo wurin ɗanta, ciwon ciki ya kama ta. An gargaɗe ni tun farko cewa aikin tafinta shi ne ya faɗi abin da aka faɗa, kada ya ƙara kada ya rage. Likita ta tambaye ta yaya ciwon yake yanzu. Hajiya ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Na juya na ba likita kamar yadda na ji, kalma da kalma. Likita ta yi murmushi, ta fara maganar sallama da maganin da za a saya.

Allah ya sa idona ya sauka a kan hannun Hajiya. Ta damƙe ƙarfen gado har jijiyoyi sun fito, ga zufa a goshinta a cikin sanyin ɗakin nan. Na matsa kusa na ce, "Hajiya, tsakaninki da Allah, yaya kike ji?" Ta ce a hankali, "'Yar nan, kamar ana yanka ni da wuƙa." Na gaya wa likita. A ranar aka kwantar da ita, kuma da an sallame ta da labarin ya zama wani.

Daga baya likitar ta tare ni, ba da faɗa ba, son sani take yi. Ta ce me ya sa matar ta ce ta samu sauƙi alhali ba ta samu ba? Na ce mata a wurinmu "da sauƙi" ba rahoto ba ne, addu'a ce. Mara lafiya yana faɗar inda yake fata ya kai, ba inda yake ba. Ta rubuta a 'yar takardarta. Ni kuwa na koma gida ina tunanin yadda na faɗi gaskiyar kowace kalma, amma na kusa cutar da baiwar Allah. Ka riƙe wannan saboda gaba: ranar da ka bugo waya ka ji ni ko Babanku mun ce da sauƙi, kada ka ce madalla ka ajiye. Ka sake tambaya, ko ka kira Amira, ita ba ta iya ɓoye komai ba.

Yanzu na zo kan sunanka.

Kai ɗan fari ne, ni ma 'yar fari ce. A inda na tashi, uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta nuna ɗokinsa. Inna har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa Hauwa ba. "Ke" take ce mini, ko "waccan". In na yi abin kirki ta kau da kai, in na faɗi na fasa gwiwa ta ce wa wata ta ɗaga ni. Amma ban taɓa kwana da shakkar tana ƙaunata ba, ko sau ɗaya. Na yi ta tambayar kaina a 'yan kwanakin nan, me ya sa ni ban yi shakka ba, kai ka yi?

Na gano amsar, kuma ta ba ni mamaki. Ni ina da masu yi mini fassara. Gidanmu cike yake da su. In na yi zazzaɓi na warke, Gwaggo Asabe za ta ja ni gefe ta ce, "Kin ga uwar nan taki da take wani basarwa? Ko loma ba ta kai bakinta ba tun da kika kwanta." Ranar da za a kawo ni ƙasar nan, Inna ba ta raka ni ko zaure ba, tana tsakar gida tana tankaɗe kamar ba abin da ke faruwa. Gwaggo ce ta raɗa mini a mota cewa garin da take tankaɗewa tun safe ta gama shi, maimaitawa kawai take yi don kada a ga idonta. Kowa a unguwa ya san karatun wannan shirun, har yara. Uwar da ta fi kau da kai, an san ita ta fi ji.

Kai kuwa na kawo ka inda babu Gwaggo Asabe. Na riƙe kunyar, na baro masu fassarar a gida. Ka tashi cikin yaran da iyayensu mata ke kiran sunansu daga bakin fili, suna rungume su a gaban makaranta. Sunanka na sha rubuta shi a takardun makaranta da na asibiti, amma in za a kira shi da baki sai in bar wa Babanku, ko in ce Yayansu, tun kafin ma a haifi wadda za ka zama yayanta. Ranar da kuka gama jami'a, da aka kira ka, matar da ke kusa da ni ta miƙe tana ihu don nata ɗan, har jakarta ta faɗi. Ni na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafina. Na ga ka ɗago kana neman inda muke. A raina na ce ai ya sani. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa ya gaya maka ba.

To bari yau in zama Gwaggon kaina, tunda babu wata. Ranar nan da na sunkuyar da kai, kuka nake yi, mayafin ya jiƙe har sai da na juya shi. Lokacin da ka karye a hannu wajen ƙwallo, na ce wa Babanku ya kai ka asibiti ni ina da girki, babu girkin da na yi, a bakin taga na tsaya har kuka dawo. Naman da kake tsinta a ƙasan tuwonka, wanda Amira take ƙorafin ba ta samu, ba kuskuren ludayi ba ne. Ranar da ka tafi, da na ce ka yi sauri kada rana ta yi maka ban fito waje ba, ina bayan labule har motarka ta sha kwana.

Ba na cewa al'adarmu ba ta da kyau. Ina sonta, a cikinta aka rene ni, kuma akwai wani daɗi a ƙaunar da ba a tallarta wanda ban san yadda zan bayyana maka ba. Amma na ga abin da ya kusa faruwa da Hajiya 'yar Maraɗi, kuma ba na so in yi ta ce maka da sauƙi har ka sallame ni. Tsoron da nake ji ke nan, na faɗa maka a fili: kada ka zauna a garin mutane kana zaton ba a kewarka a gida, Sallah ta wuce, wata ta wuce, har rashin zuwan ya zame maka jiki.

Shawarata ta ƙarshe, ka zama mai kunne biyu. Ka ji abin da aka faɗa, ka kuma duba hannun mai faɗar. In Allah ya ba ka mata, ko 'yar ina ce, ka koyi yadda gidansu suke cewa e da yadda suke cewa a'a kafin ka yi fushi. In kuma abu ya kai abu, kai ka faɗi naka a fili, kada ka gaji uwarka a nan.

Maganar da na yi maka a kicin, ka zubar da ita. Ga wata, kuma ka ɗauke ta yadda take, harafi da harafi, irin ta tsofaffin: ina so ka zo da Sallah. Ka nemi off ɗin tun yanzu. Ina kewarka, gidan ya yi mini faɗi.

Haruna.

Na rubuta, sannan na ce bari in gwada da baki, tunda ni kaɗai ce a kicin. Sau biyu ya maƙale. Na ukun ya fito da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya. Sai ga Amira ta fito daga ɗakinka da gudu, ɗankwali a hannu, tana duba ƙofa tana cewa, "Yaya ya dawo?" Na ce bai dawo ba tukuna, amma zai zo.

Kada ka sa in yi mata ƙarya.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ka riƙe sallah a kan lokaci, ka sa rigar sanyi, ka ci dambun a hankali. Allah ya kawo mana kai lafiya, ya sa da rabon in kira sunan kana ji.

Wassalam.

Mahaifiyarka.